Zomo a Kan Teburin Tiyata: Kashe Zafi a Inda Wuƙa Za Ta Bi

Laccar da aka gabatar a Injamena ga likitocin dabbobi, ɗalibai da masu kiwon zomaye

 

 

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa: ƙasar da ƙidayar dabbobi ta 2015 ta samu sama da kai miliyan 90 na shanu da raƙuma da tumaki da awaki da sauransu, me ya kai ta zancen zomo? Tambayar tana kan hanya. A kan garke aka gina likitancin dabbobi a Chadi. Ɗakin bincike na Farcha, wanda yanzu ake kira IRED, tun farkon shekarun 1950 yake aiki a kan cututtukan manyan dabbobi. Babban yaƙin da aka yi da cutar bushiya a nan yankin Tafkin Chadi aka fara shi a 1962, tsakanin Chadi da Najeriya da Nijar da Kamaru, har aka kai ga shelar kawar da ita daga duniya a 2011. Abin alfahari ne, kuma hannun iyayenmu na ciki.

Sai dai gari ya faɗaɗa, kiwo ma ya shigo cikin gida. Matar da ba ta da filin ɗaure saniya tana da lungun da za ta ajiye akurkin zomaye. Zomanya kwana 31 ko kusa da haka take ɗaukar ciki, ta haifi 'ya'ya da yawa, abincinta kuwa harawa ce da ganyen gyaɗa da 'yar dusa. Yaro yana biyan kuɗin makaranta da su. Ga kuma jami'o'inmu, daga nan har Maiduguri da Zariya da Sakkwato da Dakar, inda ɗalibai ke gwajin magani da koyon ɗinki a jikin zomo. Saboda haka zomo yana zuwa teburinmu, kuma zai ƙara zuwa. Abin da na zo in faɗa muku yau guda ɗaya ne: kwalbar lidokayin da muke da ita a kowane ɗakin magani, idan aka haɗa ta da sikeli da lissafi, tana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin tsare ran zomo idan za a buɗe cikinsa.

Bari mu fara da abin da ya sa ake tsoron wannan aiki. A Birtaniya an bi diddigin dabbobin gida da aka sa wa maganin barci a asibitoci masu yawa, aka fitar da sakamakon a 2008 ƙarƙashin jagorancin David Brodbelt. A karnuka, kusan ɗaya cikin 600 ne ya mutu ta sanadin maganin. A kyanwoyi, kusan ɗaya cikin 420. A zomaye, ɗaya cikin 72. Idan zomon ya zo da rashin lafiya, abin ya kai kusan ɗaya cikin 14. Ku lura, wannan a ƙasar da wutar lantarki ba ta ɗaukewa, iskar oksijin na bango, na'urar auna bugun zuciya na samuwa. Kuma da yawa daga mace-macen bayan an gama aikin suka faru, a sa'o'in farko na farfaɗowa, lokacin da likita ya riga ya wanke hannunsa.

Me ya sa zomo ya fi kare saurin mutuwa? Halittarsa ce. Shi abin farauta ne, shaho na neman sa, dila na neman sa, don haka Allah ya yi shi da ɓoye ciwo. Ranar da mai shi ya gane ba shi da lafiya, ciwon ya daɗe da cin jikinsa. Da yawansu suna ɗauke da ƙwayar cutar Pasteurella a hanci da huhu ba tare da wata alama ba. Ƙirjinsa ƙarami ne, cikinsa babba. Ka kwantar da shi rigingine, nauyin kayan ciki ya danne huhu. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Bakinsa ɗan tsukuku ne mai zurfi, harshe ya cika shi, shi ya sa zura bututun numfashi a maƙogwaronsa ke ba ƙwararru ma wahala. Ka kara masa iskar barci a fuska yana farke, sai ya riƙe numfashi. Tsoro kawai yana iya hargitsa bugun zuciyarsa. Hatta maganin atiropin da muke dogara da shi idan zuciya ta yi sanyi, a jinin wani kaso mai yawa na zomaye akwai sinadarin da ke rusa shi nan da nan.

Amma babban al'amarin yana cikin hanji, kuma a nan nake so masu kiwo su saurara da kyau. Zomo da ciyawa yake rayuwa, kuma ba shi da tumbi huɗu irin na saniya. Yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, cike da ƙananan halittu masu narka ciyawa. Ita ta mamaye yawancin cikin. Hanjin nan dole ya yi ta motsi dare da rana. Ciwo yana tsayar da shi. Tsoro yana tsayar da shi. Taɓa shi da hannu lokacin tiyata yana tsayar da shi. Wasu magungunan barci da na kashe raɗaɗi ma suna rage masa tafiya. Da zarar ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, kumburin ya ƙara ciwo, ciwon ya ƙara hana cin abinci, hanta ta fara tara kitse. Sai ka ga ɗinki ya yi kyau, babu jini, babu ruwa, amma kwana biyu zomo ya mutu a kusurwar akurki. Mai shi ya ce aikin ne bai karɓe shi ba. Gaskiyar magana, sau da yawa ciwon da ba a kashe ba ne ya kashe shi.

Dalilan da ke sa mu buɗe cikin zomo sanannu ne: naƙudar da ta gagara, mahaifar da ta cika da ruwan mugunya, sankarar mahaifa wadda ta yawaita ƙwarai a zomanyar da ta haura shekara huɗu, tsakuwa a mafitsara saboda yawan sinadarin alli a fitsarinsa, da toshewar hanji da curin gashi. Sai kuma aikin bincike.

To mene ne allurar kashe yanki, kuma ina bambancinta da maganin barci? Saƙon ciwo ta jijiya yake tafiya, daga fata da tsoka zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Maganin barci yana kwantar da mai karɓar saƙon ne, amma saƙon bai daina tahowa ba. Jiki yana jin sa, zuciya tana amsawa, laka tana ƙara tsini har ciwon bayan aiki ya fi yadda ya kamata. Shi kuwa lidokayin da 'yan uwansa suna toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke shiga jijiya, saƙon ya kasa wucewa. Kamar a rufe gadar Ngeli ne: komai yawan kayan da aka loda a Kuseri, ba za su iso kasuwar Injamena ba. Idan saƙon bai iso ba, ba ka bukatar zurfafa barci, kuma duk abin da ka rage na maganin barci, ka rage wa huhu da zuciyar zomo kaya ne.

Ilimin nan yana da tarihi, kuma zomo na cikinsa tun ranar farko. A 1884, a birnin Biyana, wani matashin likitan ido mai suna Carl Koller ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, sannan a idon zomo da na kare, ya ga ana taɓa idon ba sa ƙiftawa. A watan Agusta na 1898 August Bier ya yi tiyatar farko da allurar laka a garin Kiel na Jamus. Fidel Pagés, likitan sojan Sifaniya, ya bayyana allurar gadon baya da ake zubawa a wajen rigar laka a 1921. Nils Löfgren ya haɗa lidokayin a Suwidin a 1943, bupibakayin kuma ya biyo baya a 1957. Dukkansu biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fanni. Wanene a cikinku bai taɓa cire ɗan maraƙi saniya na tsaye ba, bayan ya kashe kwiɓinta da lidokayin, ko ya soka allura a gindin wutsiya don mayar da mahaifar da ta fito? Matanmu da aka yi wa aikin haihuwa da allurar baya su ma shaida ne. Hannun ya san aikin. Abin da ya rage shi ne a rage shi zuwa girman dabba mai kilo biyu.

Kafin in shiga hanyoyin, ga gargaɗin da ba na so kowa ya fita bai ji shi ba. Abin da ake yi wa saniya a tsaye ba a yi wa zomo ido biyu. Wasu suna kwantar da zomo rigingine, su ga ya sandare, su ce ya yi barci. Wannan sandarewar tsoro ce, dabarar ƙarshe ta dabbar da ta faɗa bakin maƙiyi. Yana ji, yana gani, zuciyarsa na dukan uku-uku. Ƙashinsa kuma marar nauyi ne, bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, alhali ƙafafun bayansa na da ƙarfi. Harbi ɗaya ya isa ya karya gadon bayansa. Don haka allurar kashe yanki abokiyar tafiyar maganin barci ce. A sa shi barci da abin da ake da shi, ketamin da abokin haɗinsa ko iskar isofuluren, a ba shi oksijin, sannan a kashe wurin aiki domin barcin ya zama marar zurfi.

Yanzu lissafi, kuma ina roƙon ɗalibai su fito da alƙalami. Kwalbar lidokayin da muka saba da ita, mai kashi 2 cikin ɗari, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 20. Iyakar da nake tsayawa a kanta ga zomo, wadda masana da yawa suka zaɓa don kauce wa haɗari, ita ce miligiram 4 ga kowane kilo. Zomanya mai kilo 2 ke nan miligiram 8, wato mililita 0.4. Bai kai rabin mililita ba. Likitan da hannunsa ya saba zuƙo mililita 5 don gindin wutsiyar saniya, idan ya zuƙi mililita 2 kacal yana ganin ya yi tsimi, ya ninka iyakar sau biyar. Bupibakayin mai rabin kashi ɗaya cikin ɗari yana da miligiram 5 a kowace mililita, iyakarsa miligiram 2 ga kilo, wato mililita 0.8 ga wannan zomanya. Idan ka haɗa su biyu, gubarsu haɗuwa take, dole ka rage kowanne.

Wannan lissafi yana bukatar abu biyu da ba su da tsada. Na farko sikelin kicin mai nuna giram. Kada a kimanta nauyin zomo da ido, gashi yana ruɗi. Na biyu ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya. Idan ruwan ya yi kaɗan ga tsawon wurin da za a yanka, a ƙara masa tsaftataccen ruwan gishiri na ƙarin ruwa daidai da shi: 0.4 na magani, 0.4 na ruwa, ka samu 0.8 ba tare da ka ƙara ko miligiram ɗaya ba. Lidokayin yana kamawa cikin 'yan mintoci, ya yi awa ɗaya zuwa biyu. Bupibakayin yana ɗaukar kusan kwata ɗaya na awa kafin ya kama sosai, amma yana kaiwa awa huɗu zuwa shida, sai dai ya fi tsanani ga zuciya idan ya shiga jijiyar jini.

Hanya ta farko, wadda nake so kowa a ɗakin nan ya iya, ita ce bin layin yanka. Bayan an aske gashi a hankali, domin fatar zomo na yagewa, an wanke wurin, sai ka ɗaga fata da yatsu biyu tsakanin cibiya da mara. Ka kwantar da siririyar allura kusan a kwance, ka tura ta ƙarƙashin fata tsawon inda wuƙa za ta bi. Ka ja bututun sirinji baya ka duba: idan jini ya fito, ka canza wuri. Sannan ka riƙa zuba maganin kana janyo allurar, har ka ga wani ɗan tudu siriri ya tashi a ƙarƙashin fata. Kada ka tsayar da allura ta kalli ƙasa. Bangon cikin zomo 'yan milimita ne, kuma babbar jakar nan mai ɗanyen kashi tana manne a bayansa, mafitsara ma na kusa. Ka jira mintoci kafin ka yanka. Gaggawa a nan ita ke ɓata aikin. Wannan hanya ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar na'ura, kuma na fi ganin amfaninta a wurinmu fiye da duk sauran.

Sai dai fata da tsoka kawai take kashewa. Zafin da ya fi tsanani a cire mahaifa yana zuwa ne lokacin da aka jawo ƙwai za a ɗaure jijiyarsa. A nan za ka ga numfashi ya canza, zuciya ta yi sauri. Shi ya sa ake raba maganin tun farko, a ajiye wani kaso a ɗiga a gindin kowane ƙwai da wuyan mahaifa kafin a ɗaure, sannan a ɗiga ragowar a kan tsoka bayan an ɗinke ta, kafin a rufe fata. Duk a cikin iyakar nan ta farko. Ku tuna kuma zomanya mahaifa biyu gare ta, kowace da bakinta, kuma kitse ya lulluɓe jijiyoyin jinin wurin. A ja a hankali.

Hanya ta biyu ita ce allurar gadon baya, wadda likitoci ke kira efidural. Ita ce ta fi ƙarfi, domin tana kama saƙon bango da na kayan ciki na baya gaba ɗaya, kuma ita ta fi bukatar hannu mai natsuwa. Zomo yana barci, ka kwantar da shi rub da ciki, ka jawo ƙafafun baya gaba domin bayan ya gantsare, ƙasusuwa su buɗe. Ka ɗora babban yatsa da na tsakiya a kan tsinin ƙashin ƙugu biyu. Manuniyarka ta sauka a tsakiya, ta ɗan ja baya, za ta faɗa wani ɗan gurbi tsakanin ƙashin baya na ƙarshe da ƙashin tsatso. Nan ne ƙofa. Ka aske, ka wanke kamar za ka yi tiyata, ka sa safar hannu. Siririyar allura ce ke shiga, kuma tafiyar gajera ce ƙwarai.

A nan zomo ya sha bamban da kare. A kare laka tana ƙarewa kafin wannan gurbi, don haka allura na samun fili. A zomo laka da rigarta suna zarcewa har cikin tsatso. Ke nan a daidai inda kake sokawa akwai laka a ƙasa. Idan ka ga ɗigon ruwa garai-garai a gindin allura, ka huda riga. Maganin da aka auna don wajen riga ya yi yawa ga cikinta, yana iya haurawa ya tsayar da numfashi, sai a rage shi zuwa rabi ko ƙasa, ko a janye a koma layin yanka. Idan jini ka gani, ka janye. Idan ƙafa ko wutsiya ta zabura, ka taɓa jijiya, ka ja baya. In komai lafiya, yawan ruwan kusan mililita 0.2 ne ga kowane kilo, a zuba sannu a hankali cikin minti guda, babu dannawa da ƙarfi.

Wannan allura tana saukar da hawan jini, don haka ba a yi wa zomon da ya zubar da jini ko ruwan jikinsa ya ƙare, ko wanda ke da ƙurji a wurin sokawa. Tana kashe ƙafafun baya na wani lokaci, tana iya riƙe fitsari. Zomon da ya farka ya ji ƙafafunsa ba sa amsawa yana firgita, don haka a sa shi a ƙaramin kwali mai shimfiɗa, wuri marar hayaniya. Hukuncina a kanta shi ne: kada kowa ya fara koyonta a jikin mai rai. A sayi zomon da aka yanka don miya, a zuba shuɗin ruwa a maimakon magani, a buɗe bayan a ga inda launin ya tsaya. A maimaita har hannu ya gane gurbin ido a rufe.

Hanya ta uku sabuwa ce. Bangon ciki tsoka uku ne a jere, kuma jijiyoyin da ke kawo ji ga bangon suna bi ta tsakanin ta biyu da ta uku. Idan aka zuba magani a wannan tsakani, hagu da dama, bangon ya mutu. Likitoci na kiranta TAP. Wani likita mai suna Rafi ya bayyana ta a jikin mutane a 2001, aka fara yin ta da na'urar hoton ciki a 2007, daga baya likitocin dabbobi suka ɗauka. A zomo, tsokar ta yi siranta da ba za a iya yi da lalube ba. Sai da na'ura mai kan da ke ganin abin da ke kusa da fata, ba irin wadda muke duba cikin saniya da ita ba. Wanda ke da ita ya koya, yana da kyau. Wanda ba shi da ita bai yi asarar da za ta hana shi aiki ba, domin bango kawai take kashewa, kuma layin yanka ya riga ya ɗauki mafi yawan wannan nauyi. Akwai wasu allurai na kusa da ƙashin baya da ake gwadawa a Turai. Ba zan tsaya a kansu ba yau.

Wani ƙaramin abu mai amfani: man shafawa na kashe fata, irin EMLA, idan aka shafa a gefen kunne aka rufe na rabin awa zuwa sama, ana sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar kunne zomo bai ko girgiza kai ba. Jijiya a buɗe kuwa ita ce hanyar ceto idan abu ya ɓaci. Alamar maganin ya yi yawa tana farawa da rawar tsoka da fizge-fizge, sannan zuciya ta yi sanyi. A dabbar da ke barci, alamun farko na iya ɓuya, sai dai kawai ka ji bugu ya canza. A tsayar da magani, a ba da oksijin, a taimaki numfashi. Tun 1998 aikin Guy Weinberg ya nuna ruwan kitse na ƙarin ruwa yana janye wannan guba, amma samun sa a ɗakunan maganinmu da wuya. Abin da ke hannunmu shi ne sikeli, da jan sirinji baya kafin kowace zubawa.

Ga abin da ya shafi garinmu. Zomo ba ya gumi, da kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da zarar yanayi ya haura digiri 30 ya fara wahala. Ku kuwa kun san Injamena a watan Afrilu, digiri 40 ba labari ba ne. Yaro ya sa zomanya a kwali, ya ɗaure a bayan babur, ya ratso gari da tsakar rana daga Walia ko Farcha. Kafin ya iso, kunnuwanta sun yi ja, hancinta ya jiƙe, tana numfashi sama-sama. Wannan ba a sa mata maganin barci sai ta huce ta sha ruwa. Aikin da ba na gaggawa ba a yi shi da sassafe. Amma abin mamaki, a kan tebur sanyi ne ke kama zomo, ko da bazara: an aske, an jiƙa, an buɗe ciki, jiki ƙarami. A rage zuba sifirit, a ɗumama ruwan wanki, a sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefensa, musamman a watannin hunturu. A ɗan ɗaga ƙirji sama da ƙugu domin huhu ya samu sarari.

Masu kiwo, ga naku. Kada ku hana zomo abinci tun dare don za a yi masa aiki. Zomo ba ya amai, yunwa kuwa tana tsayar da hanjinsa. Awa ɗaya ko biyu ta isa a ɗauke abinci don baki ya zama fes. Ku zo da abincin da ya saba. Bayan aiki ku duba abu biyu: ya ci? ya yi kashi? Ku share akurki domin ku ga sabon da ya fito. Idan rabin yini ya wuce babu ci babu kashi, ku dawo da shi, kada ku jira gobe. Ku koyi karanta fuskarsa, kamar yadda masana a Jami'ar Newcastle suka tsara a 2012: ido ya ƙanƙance, kumatu sun lotsa, hanci ya tsuke ya yi tsini, gashin baki ya miƙe ya sandare, kunnuwa sun kwanta sun naɗe. Ƙara da dunƙulewa wuri ɗaya da cizon haƙora. Wannan zomo yana jin ciwo ko bai yi kuka ba. Allurar kashe yanki sa'o'i take yi ta sake, don haka likita ya biyo ta da maganin raɗaɗi irin meloksikam na 'yan kwanaki, muddin zomon na shan ruwa kuma ƙodarsa lafiya. Kuma don Allah kada a ɗura masa amoksisilin ko ampisilin ta baki daga kantin magani. Suna kashe halittun da ke cikin hanjinsa, su kashe shi.

Kalmata ga malaman jami'a da ɗalibai masu bincike ta fi nauyi, domin zomon gwaji ba shi da mai shi da zai tsaya masa. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a musanya dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Addininmu ya riga su: an umarce mu da kyautatawa ga dabba har a lokacin yanka, a wasa wuƙa, a hutar da ita. Wanda aka hana ya wahalar da abin da zai yanka, ina hujjarsa ta buɗe cikin mai rai ya bar shi da raɗaɗi? Ta fuskar ilimi ma, dabbar da ke cikin ciwo jininta ya canza, cinta ya canza, warkewarta ta canza, sakamakon binciken ya gurɓata. Duk takardar neman izinin bincike da ba ta faɗi yadda za a kashe ciwo ba, bai kamata malami ya sa mata hannu ba.

Garin nan ya taɓa nuna yana iya aikin tsanaki. A 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa an yi wa kusan kashi 70 cikin ɗari na karnukan Injamena rigakafin cutar hauka, kuma duniya ta karanta sakamakon saboda an rubuta komai. Haka nake roƙon mu yi da zomo. Kowane ɗakin magani ya ware littafi guda: nauyin dabba, maganin barci, hanyar kashe yanki da miligiram nawa, lokacin da ta fara ci, lokacin da ta fara kashi, ta rayu ko ta mutu. Bayan shekara mu haɗa littattafan mu kai wa malamanmu na Farcha, mu samu alƙaluman da suka fito daga zomayenmu da zafin garinmu. Manyanmu da suka ƙware a allurar gindin wutsiya su ware rana su zauna da ɗalibai a kan zomon yanka da shuɗin ruwa. Kafin wannan rana ta zo, duk wanda zai buɗe cikin zomo a makon nan, ya auna shi a sikeli, ya yi lissafinsa a takarda, ya kashe layin yanka kafin ya ɗauki wuƙa.